Yadda Ake Ziyartar Tsohon Gidan Gargajiya da Lambunsa a Japan, Daga Tasha Har Baranda

Tun da na nuna wa 'yan uwa hotunan wani tsohon gida da na shiga a birnin Kanazawa, tambayoyin da ake yi min kusan iri ɗaya ne: ta ina ake bi, nawa ake biya, da gaske ne ba a shiga da takalmi, kuma baƙon da ba ya jin Japananci zai iya zuwa shi kaɗai? Yawancin masu tambayar ɗalibai ne da suka samu gurbin karatu a can, sai 'yan kasuwar motoci da kan samu kwana ɗaya ko biyu babu aiki. Maimakon in yi ta amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya, ga bayanin nan a jere.

Gida ɗaya zan ɗauka mu bi shi daga ƙofa har ƙurya, wato gidan Nomura da ke unguwar Nagamachi, tsohuwar unguwar samurai, baraden sarakunan Japan na da. Ladubban da za ka koya a nan su ne dai a sauran gidajen. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, irin wannan gida an tsara shi ne don idon wanda ke zaune a ƙasa. Wanda ya shiga a tsaye, waya a sama, ya zagaya cikin minti goma ya fita, kuɗinsa kawai ya biya.

1. Zaɓi gidan, ka tabbatar ana shiga cikinsa

Ba kowane gida da ka gani a hoto ne ake barin mutum ya taka cikinsa ba. A fadar Katsura da ke Kiyoto, yawanci sai ka nemi izini tun kafin ranar, a haɗa ku rukuni da ɗan jagora, kuma lambun kaɗai za ku zagaya, ɗakunan sai leƙe daga waje. Ba a kuma karɓar wanda bai kai shekara 12 ba. Gidan Murin-an, shi ma a Kiyoto, ana kama lokaci ne ta intanet. Wanda ke Tokiyo kuma ba shi da halin tafiya nesa, akwai Nihon Minka-en a Kawasaki, inda aka tattaro tsofaffin gidajen manoma daga sassan ƙasar, da kuma lambun Sankeien a Yokohama.

Na fi son a fara da gidan Nomura saboda dalilai uku. Ba a kama lokaci, zuwa kawai za ka yi ka sayi tikiti. Ana shiga ɗakunan a zauna. Sannan lambun ƙarami ne, ido yana iya ɗaukarsa, ba kamar manyan lambuna da ke gajiyar da sabon zuwa ba. Ƙanƙantarsa ba ta rage masa daraja ba: a 2003 wata mujallar lambunan Japan da ake bugawa a Amurka ta sa shi na uku a ƙasar, a 2009 kuma littafin matafiya na Michelin ya ba shi tauraro biyu.

2. Tsayar da rana da sa'a

Ana buɗe gidan da ƙarfe 8:30 na safe. Daga Afrilu zuwa Satumba ana rufewa da 5:30 na yamma, daga Oktoba zuwa Maris kuwa da 4:30. Ana daina sayar da tikiti saura rabin awa a rufe. Akwai 'yan kwanaki a ƙarshen Disamba da farkon Janairu da ba a buɗewa sam, don haka ka duba shafinsu kafin ka sayi tikitin jirgi.

Ka isa da sassafe. Wannan shawarar ta fi duk sauran tasiri. Barandar da ake kallon lambun daga kanta 'yar siririya ce, da zarar motocin masu yawon buɗe ido sun sauke mutane wajen ƙarfe goma, sai dai ka yi kallo ta saman kafaɗar wani. Da 8:30 kuwa, kana iya samun kusan rabin awa kai da kifaye kawai.

Batun wata ya danganta da abin da kake son gani. Tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshensa ganyaye ke yin ja. Farkon Afrilu furannin sakura, wato na itacen ceri, ke buɗewa a gari. Daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli damina ce, mutane suna gudunta, amma ni a ganina lokacin ne lambun ya fi kyau, don duwatsu suna jiƙewa su yi duhu, gansakuka ta yi kore shar. Da hunturu dusar ƙanƙara ke sauka, ana kuma lulluɓe katangun unguwar da wata irin zana daga farkon Disamba zuwa Maris.

A kula: ka guji hutun da suke kira makon zinariya, daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, da kuma hutun Obon na tsakiyar Agusta. Duk ƙasar tafiya take yi, kujerar jirgi ma wuya take. A Disamba kuma rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, lambun yana yin duhu tun kafin a rufe.

3. Haɗa kaya tun da dare

Safa ce kan gaba. Mai tsabta, marar huji, kuma in da hali ka sa wata a aljihu. Mu mun saba cire takalmi mu taka tabarma da ƙafa tsura, a wurinmu wannan ladabi ne. A can akasin haka ne: gumi da maiƙon tafin ƙafa suna ɓata tabarmarsu ta tatami, shi ya sa shiga babu safa ake ɗaukarsa rashin kula. In da silifa ko takalmi buɗaɗɗe ka fito saboda zafi, ka sa safar a bakin ƙofa. Da hunturu ka nemi mai kauri, domin babu abin ɗumama ɗaki, katakon baranda kuwa sanyinsa har ƙashi yake shiga.

Takalmi ya zama mai sauƙin cirewa. Mai igiya da yawa zai sa ka tare hanya, mutane na jira a bayanka.

Ka riƙe tsabar kuɗi: takardun yen (kuɗin Japan) 1,000 guda uku ko huɗu da sulallan yen 100. Ƙananan wurare da yawa ba sa karɓar kati.

Laima dole ce. Mutanen Kanazawa da kansu suna da karin maganar da ke cewa ko ka manta abincin ranarka, kada ka manta laima. Ana iya wayar gari da rana, kafin azahar ruwa ya tsuge.

Sai 'yar leda ta zuba shararka, don kwandon shara a titi abu ne mai wuyar gani.

Mata masu doguwar abaya ko zane, ku lura da tsawonsa. Bakin tufafin da ya sharo ruwan titi zai bar shaida a kan tatami. Hijabi kuwa babu mai hana ku. Maza masu babbar riga, hannun rigar yana iya shafar ƙofofin takarda masu zane, gara kaftani ko riga da wando.

Gargaɗi: kada ka zo da akwati mai taya. Ba a jan sa a kan tatami, lungunan ciki kuma ba sa ɗaukarsa. A tashar Kanazawa akwai akwatunan ajiya da ake kullewa da sulalla ko kati, kuɗinsu 'yan ɗaruruwan yen ne gwargwadon girma. Jakar goyo kuwa, in ka shiga gidan, ka juyo ta gaba ko ka riƙe ta a hannu, domin juyawa ɗaya da ita a baya ya isa ya huda takardar ƙofa.

4. Hanya zuwa Nagamachi

Daga tashar Tokiyo za ka hau jirgin ƙasa mai gudu na layin Hokuriku. Wanda ake kira Kagayaki yana kaiwa cikin awa biyu da rabi, amma duk kujerunsa sai an kama tun kafin a hau. Hakutaka yana ɗan tsayawa a hanya, kusan awa uku yake yi, kuma yana da taragun da ake shiga ba tare da kama kujera ba. Kuɗin zuwa kaɗai wajen yen 14,000 ne. Motar dare ta fi araha sosai, sai dai za ka kwana a zaune.

Daga Kiyoto ko Osaka, tun watan Maris na 2024 babu jirgin da ke zuwa kai tsaye. Za ka hau jirgin da ake kira Thunderbird zuwa garin Tsuruga, ka sauya zuwa mai gudu.

A kula: kada ka sayi tikitin jirgin ƙasa na mako ɗaya da ake sayar wa baƙi saboda wannan tafiyar kaɗai. A Oktoban 2023 ya koma yen 50,000, alhali zuwa Kanazawa daga Tokiyo da dawowa bai wuce wajen 28,000 ba.

In ka sauka, ka fita ta ƙofar gabas, inda wata ƙatuwar ƙofar katako take tsaye. Nan tashar bas take. Nemi wadda ke bi ta unguwar Korinbo, tafiyar minti goma ce. Ta ƙofar baya ake hawa, in akwai 'yar na'ura mai fitar da takarda mai lamba ka zari ɗaya, sai in za ka sauka ka biya a gaba kusa da direba. Kuɗin ya ɗan haura yen 200. Na'urar canjin da ke gefen direba takardar 1,000 kawai take karɓa, ka yi canjinka lokacin da motar ta tsaya, ba sai an iso inda za ka sauka ba. Daga Korinbo zuwa gidan tafiyar ƙafa ce ta kamar minti biyar. Mai ƙarfin ƙafa yana iya takowa tun daga tasha cikin minti ashirin da ɗoriya.

5. Lungu da bakin ƙofa

Da ka bar babban titi ka faɗa lungunan Nagamachi, za ka ga abin da zai tuna maka da cikin birnin Kano ko Zariya: katangun ƙasa masu launin ja-ja a hagu da dama, lungu ya miƙe ya karye ya sake karyewa. Bambancin shi ne sun ɗora wa katangar ɗan rufi a ka, suka kuma kafa ta a kan duwatsu. Zanar hunturun nan ma aikinta ɗaya da yaɓen da ake yi wa ginin ƙasa kafin damina: ruwan ƙanƙara in ya shiga ƙasa ya daskare, fasa ta yake yi.

Gargaɗi: mutane suna zaune a yawancin gidajen unguwar har yau. Ƙofar da ba ta da allo da wurin sayar da tikiti, gidan wani ne. Kada ka leƙa, kada ka jingina da katanga don hoto, ka kuma sassauta murya.

Gidan Nomura yana gefen wata magudanar ruwa mai suna Onosho, wadda ta fi kowace daɗewa a birnin. Ka lura da ita, don za ka sake haɗuwa da ruwan nan a ciki. A wurin tikiti ka ɗaga yatsa ɗaya ka ce "otona hitori", wato babba ɗaya. Lokacin da na je yen 550 ne, yara da 'yan sakandare kuwa ƙasa da haka. Akwai ɗan faranti a gaban mai karɓar kuɗi, a nan ake ajiye kuɗin, ba a miƙa shi hannu da hannu. Laimarka in ta jiƙe, a waje za ka bar ta a mazubinta.

6. Cire takalmi

Nan ne baƙi suka fi yin kuskure, har da mu da muka tashi muna cire takalmi a ƙofar masallaci da ɗakin iyaye. Mashigar gidan Japan, wadda suke kira genkan, kamar zaure take, amma hawa biyu ce: ƙasa mai dutse, da dandamalin katako a sama. Doka ɗaya ce ke tsakaninsu. Takalmi ba ya taɓa katako, safa ba ta taɓa dutse.

Ga yadda ake yi. Ka matso dab da bakin dandamalin kana fuskantar cikin gida. Zare ƙafa ɗaya daga takalmi ka ɗora ta kai tsaye a kan katako, sannan ka zare ɗayar ka hau. Sai ka juyo, ka durƙusa, ka ɗauki takalman ka sa su a kantar da aka tanada. A wasu gidajen leda ake ba ka ka riƙe su. In babu kanta babu leda, ka jera su a gefe, bakinsu na kallon waje.

Ni abin da na yi ranar farko shi ne na cire duka biyun na tsaya da safa a kan dutsen, kamar yadda na saba a gida, sannan na hau. Wata dattijuwa da ke kula da wurin ba ta ce min komai ba, ta dai nuna min ƙafafuna da tafin hannu a buɗe, ta nuna katakon. An yi ruwa da asuba, sai ga sawun ƙafata biyu a jiƙe a kan katakon da aka goge tas. Na ce "sumimasen", kalmar ban haƙuri ke nan, na sauya safa da wadda ke aljihuna. Tun daga nan ban sake fita ba tare da ta biyu ba.

Alamomi uku za su yi maka amfani ko ba ka iya karatunsu ba, ka haddace kamanninsu: 土足厳禁 na nufin ba a shiga da takalmi, 立入禁止 ba a wuce nan, 撮影禁止 ba a ɗaukar hoto.

7. Tafiya a kan tatami

Kowace tatami tsawonta ya kusa mita biyu, faɗinta rabin haka, an saƙa samanta da wata ciyawar fadama, an kuma yi wa dogayen gefunanta baki da ƙyalle. Wannan bakin ba a taka shi, tsallake shi ake yi. Shi ne ke fara lalacewa, kuma a gidajen manya a da akan saƙa tambarin iyali a jikinsa. Haka ma dokin ƙofa, katakon nan mai kwari da ƙofofin ke zamewa a kansa: in ana taka shi yana lanƙwasa, ƙofar ta daina tafiya. Ka taka a hankali, gajerun taku, ba tare da jan ƙafa ba.

In an ba ka silifa ta cikin gida, ta katako ce kawai. Kana zuwa bakin tatami ka cire ta.

Dogaye su lura da kansu. Saman ƙofofin bai wuce mita ɗaya da santimita saba'in da 'yan kai ba.

Gargaɗi: hannunka ya tsaya a jikinka. Ƙofar da ka samu a rufe, ka bar ta a rufe, wadda ka samu a buɗe ka bar ta haka. Kada ka jingina da ginshiƙi ko bango. Kowane babban ɗaki kuma yana da wani ɗan loko a bango mai ɗan tudu, inda ake rataya rubutu ko zane a ajiye fure. Sunansa tokonoma. Ba a hawa, ba a zama a bakinsa, ba a ajiye jaka a ciki.

8. Ɗakunan

Sulken samurai ne zai fara tarbarka kusa da mashiga, da kwalkwalinsa. Zuriyar Nomura ta zauna a filin nan tun bayan da ubangidansu Maeda Toshiie ya shiga Kanazawa a 1583, har zuwa lokacin da aka rushe tsarin samurai a ƙarni na 19. Amma ka sani, manyan ɗakunan da za ka gani an ɗauko su ne daga baya, a ƙarni na 20, daga gidan wani attajiri mai jiragen ruwa, Kubo Hikobei, wanda ya gina su don saukar sarkin yankinsa. Shi ya sa adon ya fi na gidan barde.

A babban ɗakin baƙi, ka durƙusa a inda aka yi iyaka, ka fara da sama. Silin ɗin na katakon hinoki ne, an yanka shi gida-gida kamar ramukan dara. Ka sauko da ido kan ginshiƙai, za ka ga ko kan ƙusa ba a bari a fili ba, an rufe shi da 'yar sassaƙa. Sai zanen da ke jikin ƙofofin. Daga tsaye duk wannan tarkace ne a ido, daga zaune kuwa sai ka ga layin ƙofa, da na baranda, da na ruwa, sun hau kan juna.

Akwai wurin ibadarsu na addinin Buddha a ɗaya daga cikin ɗakunan, mai ruwan zinariya. Babu wanda zai ce ka yi wani abu a gabansa. Ka wuce cikin natsuwa. Gaisuwar ma'aikata ma ba sai ka rusuna ba, ɗan sunkuyar da kai da "arigato gozaimasu" sun wadatar.

A ƙarshe akwai ɗakin da aka baje takubba da tsofaffin wasiƙu da kuɗin da. Ka bar shi sai za ka fita, ka fara kama wuri a baranda.

9. Zauna a baranda

Saboda wannan matakin aka yi duk na baya. Lambun nan ba a shiga cikinsa. Babu hanyar zagaye, babu benci. Daga baranda da ɗakuna ake kallonsa, kamar yadda mai gida da baƙonsa suke yi.

Nemi wuri a gefe inda ba ka tare hanya ba, ka zauna. Zamansu na girmamawa, seiza, kusan zaman tahiya ne, sai dai duka ƙafafun biyu ake kwantarwa a zauna a kan dugadugai, don haka ba zai yi maka wuya kamar yadda yake yi wa Turawa ba. In ka gaji, namiji yana iya harɗe ƙafa, mace ta karkatar da nata gefe ɗaya. Abin da ba a so shi ne miƙe ƙafa ko kwanciya.

Sa wayarka a aljihu na minti goma na farko. Da kunne za ka fara. Ruwan Onosho da ka bari a waje an jawo shi cikin gidan, yana zubowa daga wani ɗan tudu, ya bi ta tsakanin duwatsu, ya zo har gindin barandar da kake zaune. Leƙa ƙasa kaɗan: kifayen koi, ja da fari da ruwan zinariya, wasu tsawon hannu, suna wucewa ƙarƙashin gwiwarka ba tare da gaggawa ba.

Daga nan ka ɗaga ido hawa-hawa. Kusa da kai, duwatsun bakin ruwa da gansakukar da ta lulluɓe su. A tsakiya, fitilun dutse da 'yar gadar dutse. A baya, manyan itatuwa da suka rufe katanga, har da wata bishiyar yamamomo da ta haura shekara 400. Ka nemi inda lambun ya ƙare, ba za ka gani ba. Filin bai fi tsakar gidan wani mai hali ba, amma an ɓoye iyakarsa, an sa manyan abubuwa a gaba, an bar duhu a baya, sai ido ya ɗauka daji ne ya ci gaba. Wannan ita ce gwanintar, kuma mai tsaye ba ya ganinta, don daga sama katanga da rufin maƙwabta ne ke fara shiga ido.

Bayan nan ka matsa taku uku ka sake zama. Fitilar da ke ɓoye bayan ganye za ta fito, gadar ta ɓace. Ka koma cikin ɗaki ka zauna can baya, inda ginshiƙai da ƙofofi suka yanko lambun kamar hoto a bango. Ni wannan zaman na ciki na fi so, kuma ba kasafai ake rububinsa ba.

Gargaɗi: kada ka sauko da ƙafa kan duwatsu ko gansakuka. Tana ɗaukar shekaru kafin ta kama, taku ɗaya kuma yana kashe ta. Kada ka jefa wa kifi komai, kada ka sa hannu a ruwan. Turmin dutsen nan mai ruwa da za ka gani, wani lokaci da ludayin gora a kai, na al'adar shan shayinsu ne. Ba na sha ba ne, ba kuma na alwala ba. Mai yara ya riƙe hannunsu, barandar ba ta da shinge. In wuri ya cika, ka tashi ka ba wani, ka dawo daga baya.

10. Hau sama ka sha shayi

Akwai matakalar dutse da ke kaiwa ɗakin shayi a bene. Tana da santsi a ƙarƙashin safa, ka taka a hankali. Ana biyan kuɗin shayin daban, lokacin da na je yen 300 ne. Daga tagar za ka ga lambun ta sama, kan itatuwa da ruwa na ƙyalli ta tsakaninsu.

Za a kawo maka koren shayi na gari, matcha, a kwano, da 'yar alewa. Alewar ake fara ci, a cinye, domin shayin babu sukari babu madara, ɗacinsa kuma zai ba wanda ya saba da shayin mai shayi mamaki. Ɗauki kwanon da hannun dama, ka ɗora a tafin hagu, ka juya shi sau biyu kaɗan-kaɗan ta yadda hannun agogo ke tafiya, don kada ka sha ta fuskarsa mai ado. Kurɓa uku ko huɗu ya ƙare. Shafe inda ka sa baki da yatsa, ka mayar da kwanon yadda yake, ka ajiye a hankali. Ko ka rikita tsarin babu mai tsawata maka, amma kada ka ɗaga kwanon sama da hannu ɗaya kana hoto.

A kula: irin wannan alewa yawanci daga sukari da garin shinkafa ko wake ake yinta, amma akwai nau'o'in da ake sa wa ɗan giya ko sinadarin dabba. Ka rubuta tambayarka a manhajar fassara ka nuna, ko ka bar alewar ka sha shayin.

11. Hoto, banɗaki da salla

Ana ɗaukar hoto a yawancin gidan, amma ka kashe walƙiyar kyamara, ka bar sandar ɗaukar hoto da mai ƙafa uku a jaka. In kana shakka ka tambaya: "shashin, ii desu ka?" Kada ka ɗauki fuskar wani ba da yardarsa ba, kada kuma ka kira gida ta bidiyo daga baranda, murya tana cika gidan katako.

Banɗaki yana da tasa silifar a bakin ƙofa. Ka sa ta ka shiga, ka cire ta kafin ka fito. Fitowa da ita kan tabarma shi ne kuskuren da suka fi ƙyama.

Babu wurin salla a gidan, kuma ɗakunan ba naka ba ne da za ka shimfiɗa darduma. In ka shiga da 8:30, kafin azahar ka daɗe da fita. Akwai masallaci a birnin, ta ɓangaren Jami'ar Kanazawa, ana zuwa da bas.

12. Fita da lissafin kuɗi

Ɗauko takalmanka daga kanta, ka ajiye su a kan dutse, ka zura ƙafa kai tsaye daga katako. Mai igiya ya matsa gefe ya ɗaure. Kada ka ba kowa tukuici, ba a karɓa, za ka sa mutum cikin kunya ne kawai.

Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishe ka a ciki. A cikin gari, shiga da shayi da bas zuwa da dawowa da ajiyar jaka, duka wajen yen 2,000 ne. Jirgi ne ke cin kuɗin.

In da sauran lokaci, ka bi magudanar nan ta Onosho 'yan mintuna zuwa Ashigaru Shiryokan, gidaje biyu na ƙananan dakarun ƙasa da ake shiga kyauta. Ɗakunansu ƙanana ne, babu silin mai ado, 'yan lambunansu kuma an fi shuka abin ci a ciki. Sai babban lambun Kenrokuen, tafiyar kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin a ƙafa, shigarsa yen 320 lokacin da na je. Shi ana zagaya shi da takalmi, kuma daga 1 ga Nuwamba ake fara ɗaure rassan itatuwansa da igiyoyi daga dogayen sanduna don kada nauyin ƙanƙara ya karya su. Ka ware masa aƙalla awa ɗaya da rabi, ka kuma kama kujerar jirgin komawa tun da safe in ranar Lahadi ce.